Saura Kalma Ɗaya

Wannan makon mu layi ya biyo ta kanmu, kuma abin da muka zo da shi labarin faɗuwa jarrabawa ne. Mun daɗe muna ɓoye shi saboda kunya. A ce marubuci, wanda kullum yake cika wa mutane waya da shafuka, shi ne ya faɗi jarrabawar taifin? To amma mun ga akwai abin ɗauka a ciki, musamman ga masu neman aiki irinmu, shi ya sa muka cire kunyar muka ajiye gefe.

Mu uku ne, duk 'yan Fagge, biyu maza ɗaya mace. Tare muka yi difloma, tare muka shiga ƙungiyar marubuta. Da aka gama makaranta kowa ya kama abin da ya samu. Ɗaya yana tsaron shagon yayansa a Kantin Kwari, mai wannan rubutu yana taya wani ɗan canji rubuta lissafi a Wapa, ita kuma 'yar'uwarmu tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi da albashinta ba ya kai ta tsakiyar wata. Ana nan sai aka turo mana sanarwa a WhatsApp, wani kamfani yana neman masu shigar da bayanai a kwamfuta, aikin wata shida. Sharaɗin biyu ne: takardar difloma, da cin jarrabawar taifin ta intanet ta minti 5, a samu aƙalla kalma 40 a minti ɗaya.

Mu mazan dariya muka yi. Mu da muke buga babi guda na labari tsakanin magariba da isha'i? Tausayin 'yar'uwarmu ma muka riƙa ji, don tun a makaranta hawainiya muke kiranta. In tana taifin sai ka ce tsintar tsakuwa take a cikin shinkafa.

Damar sau ɗaya ce, in ka buɗe shafin jarrabawar ba a sake buɗe maka. Don haka muka ƙi yarda da wutar unguwa, muka hau adaidaita sahu zuwa wani kafe a France Road cikin Sabon Gari, inda muka san akwai janareta kuma sabis ba ya yawan yankewa. Kowa ya biya kuɗin awa ɗaya ya zauna. Madannan kwamfutar da muka samu sun sha hannu har wasu haruffan sun goge. Rubutun Turanci ya fito a sama, agogo ya fara sauka daga minti 5, muka ce bismillah muka afka. Duk inda muka yi kuskure harafin sai ya koma ja. Muna ganin jan muna wucewa, a ranmu muna cewa ai sauri aka ce, wa zai tsaya gyara?

Da lokaci ya cika, lambobi uku suka fito wa kowa. Mai wannan rubutu ya ga 46, ya ga kashi 97 cikin ɗari, sannan a ƙasa da manyan baƙaƙe ya ga 39. Abokinmu na Kwari ya ga 52, da kashi 94 da ɗoriya, da 38. Hawainiya kuwa ta ga 42, da kashi 99 da rabi, da 41. Ita kaɗai shafin ya taya murna. Mu da muka fi ta gudu aka ce mana an gode, sai wani jiƙon.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana har muka wuce kasuwar Sabon Gari. Daga nan muka fara neman wanda za mu ɗora wa laifi. Muka ce madannan ne, muka ce sabis ne, muka ce dama sun riga sun zaɓi 'ya'yansu. Abin da ya fi ci mana rai shi ne 39 ɗin nan. Ta ina 46 ta koma 39? Kuma mutum ya ci kashi 97 cikin ɗari a ce ya faɗi? A makaranta wanda ya ci 70 ma ai gwani ne.

Akwai wani dattijo a layinmu da kowa yake kira Baba mai tafireta. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi shekaru yana buga takardu a ofis, da ya yi ritaya ya kafa tebur a wata baranda yana buga wa mutane yarjejeniyar haya, da takardar cinikin fili, da takardar rantsuwa da za a kai kotu a sa hannu. Tun muna yara muke jin ƙarar tafiretarsa da 'yar ƙararrawar da take bugawa in layi ya zo ƙarshe, amma ba mu taɓa ɗaukar sa a matsayin wanda zai koya mana wani abu game da kwamfuta ba. Ranar dai zafin rai ya kai mu, muka durƙusa muka gaishe shi, muka nuna masa hoton sakamakon a waya.

Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Samari, ba wanda ya cuce ku. Ku ba ni biro."

A bayan wata tsohuwar ambulan ya yi mana lissafin, kuma ga shi nan yadda ya yi shi, don duk mai shirin irin wannan jarrabawa ya riƙe.

Da farko, in ji Baba, abin da masu jarrabawa suke kira kalma daban yake da abin da mu marubuta muke kira kalma. A wurinsu kowane bugu biyar kalma ɗaya ce, ko harafi ne, ko lamba, ko waƙafi, ko tazarar da ake bari tsakanin kalmomi. An yi haka ne don kada wanda ya samu gajerun kalmomi ya fi wanda ya samu dogaye. Ya ba mu misali da Hausa: "Ya ce da ni in zo da ita." In ka ƙirga da baki kalma takwas ce. In ka ƙirga bugu, haruffa 17 ne da tazara 7, jimilla 24, wato ko kalma biyar ba ta cika ba a ma'aunin jarrabawa. Nan take muka gane dalilin da ya sa muke ganin kanmu gwanaye. Hausa cike take da "ya" da "ta" da "na" da "da", muna tara su muna ƙirgawa muna jin daɗi.

Na biyu shi ne ɗanyen sauri. Ka ɗauki duk bugun da ka yi, ka raba da 5, ka sake raba abin da ya fito da yawan mintunan. Mai wannan rubutu ya yi bugu 1,150. A raba da 5 ya ba da kalma 230. A raba da minti 5 ya ba da 46. Ita ce lambar farko, wadda ake rubuta WPM a gefenta.

Na uku shi ne daidaito. Ka cire kurakurai daga jimillar bugu, ka raba da jimillar, ka ninka da 100. Kuskure 35 muka bari. 1,150 a cire 35 saura 1,115. A raba da 1,150 a ninka da 100, ya ba da kashi 97 in an cike. Lamba ce mai kyan gani, ita ce kuma ta yaudare mu.

Na huɗu shi ne tataccen sauri, wanda shi kamfani yake dubawa. Ka raba kurakuran da ka bari ba gyara da yawan mintuna, ka cire abin da ya fito daga ɗanyen sauri. Kuskure 35 a minti 5 ya zama 7 a kowane minti. 46 a cire 7 saura 39. Abokinmu ya yi bugu 1,300, ɗanyen saurinsa 52, amma ya bar kuskure 70, wato 14 a minti, ya dawo 38. 'Yar'uwarmu ta yi bugu 1,050 kacal, ɗanyen saurinta 42, kuskurenta 5, wato 1 a minti, ta tsaya a 41.

Baba ya ɗago ya dube mu ya ce, "Kun ga inda gizo yake saƙar? Harafi ɗaya kuka ɓata, amma kalma sukutum ake cire muku, bugu biyar ke nan. Da kun tsaya kun goge kun sake bugawa, bugu biyu kawai za ku kashe." Ya sake jan biro. Gyaran kuskure 35 zai ci bugu 70. A cire daga 1,150 saura 1,080. A raba da 5, a sake rabawa da 5, ya ba da 43 da 'yan kai. Ko an cire ɗan lokacin da ido zai ɗauka kafin ya hango jan, da mun haye 40. Ashe da hannunmu muka yar da aikin, sau 35, muna gani muna wucewa.

Daga baya da muka gwada shafukan gwaji daban-daban mun lura ba duka suke lissafi iri ɗaya ba. Wasu kalmomin da aka buga daidai kaɗai suke ƙirgawa, kalmar da harafi ɗaya ya ɓaci a cikinta ta tafi gaba ɗaya. Wasu ko ka gyara kuskure sai sun rage maka a daidaito, ko da yake ba su taɓa saurinka ba. Wasu ma ba sa barin ka wuce sai ka gyara. Don haka kafin ka danna farawa, karanta ƙa'idar shafin. Amma duk inda aka je aka dawo, ba mu ga shafin da barin kuskure yake da riba a cikinsa ba.

Muka ce, "Baba, wannan hukunci ai ya yi tsauri." Ya yi dariya har da tari. Ya ce a gasar buga tafireta ta da, irin wadda aka riƙa yi a Amurka, kowane kuskure kalma 10 ake cirewa. "Kai mai 230, a cire maka 350. Ka ga sai ka biyo su bashi." Ya ce su a zamaninsu jarrabawar RSA da ta Pitman ake yi, daga Ingila take zuwa, kuma matakan aikin mai taifin a gwamnati da sauri ake hawansu, daga kalma 25 zuwa 35 zuwa 50. Tafireta ba ta da madannin gogewa. In ka sa takarda uku da kabon a tsakani ka yi kuskure, ka yi shi sau uku ke nan. In a kan sitensil ne, wanda za a gurza ɗaruruwan kofe da shi, sai ka bi da ruwan gyara ka jira ya bushe. In wasiƙar babban sakatare ce, ba a ma yarda da gyara, sabuwar takarda za ka ɗauka ka faro daga sama.

A Sabon Gari shi ma ya koyi sana'ar, a wata makarantar koyon taifin da wani mutumin kudu ya buɗe, inda ake rufe madannai da kwali don kada ɗalibi ya kalli yatsunsa. Wannan bai ba mu mamaki ba da muka tuna tarihin unguwar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari don baƙin da suka biyo shi, cikinsu har da akawuna da masu buga takardun kamfanonin Turawa. Fagge kuwa tun kafin nan zango ce ta fatake da ayarin raƙuma. Unguwa biyu maƙwabta, duk cinikinsu bai tafiya sai da rubutu da lissafi. Tsarin haruffan da Baba ya koya a ƙarƙashin kwali, wanda layinsa na sama ya fara da QWERTY, ya samo asali ne daga keken rubutun Christopher Latham Sholes da kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Shi ne dai a kwamfutar kafe, shi ne a wayar da ke hannunka yanzu. Bambancin kawai, Baba da yatsu goma yake bugawa idonsa na kan takarda, mu kuwa da manyan yatsu biyu muka saba, waya tana cike mana kalma tana gyara mana kuskure kafin mu gan shi. Ranar da aka ɗauke mana wannan gatan sai ga 35.

Wata magana da ya yi ta tsaya mana a rai. Ya nuna tarin takardun rantsuwa a gefen teburinsa ya ce, "Rabin abincina daga masu sauri yake fitowa." Wani an buga masa Sani a wata takarda, Sunusi a wata. Wata an juya mata ranar haihuwa, 12 ta koma 21. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajista a 2021, kuma bankuna suke son sunan BVN ya dace da na katin ɗan ƙasa, harafi ɗaya yana iya sa yaro ya yi makonni yana zarya, ko a riƙe wa tsohuwa kuɗinta. Wanda ya yi kuskuren ya daɗe da mantawa, wataƙila ma a ranar an yaba masa don ya shigar da mutum ɗari kafin azahar. Aikin da muka nema ke nan fa, shigar da sunayen mutane. Da muka kalle shi ta nan, sai muka daina jin haushin kamfanin. Ko mu ne masu ɗauka, hawainiya za mu ɗauka.

To 'yan'uwa, ga inda maganar ta shafe mu a matsayin marubuta. Da hira ta yi daɗi, abokinmu na Kwari ya buɗe wani labarinsa a waya ya miƙa wa Baba, wai ya ga irin aikin da muke yi. Baba ya karanta layi kaɗan ya tsaya ya ce, "Allahu akbar. Angon ya rayu kuwa?" Muka ce wane ango? Ya karanta mana: ango ya sauko daga mota ya taka kasa. Ya ce, "Kasa dai maciji? Ranar ɗaurin aurensa?" Ƙasa abokinmu yake nufi. Baba ya ci gaba da bi da yatsa. Ga baki sun cika daki, alhali baƙi ne suka cika ɗaki. Ga amarya ta ji ciwo a kafa. Ga biki ya kare. A shafi ɗaya ya ƙirga wuri 31 da aka yar da lanƙwasa.

Ba mu da bakin musu, don duk haka muke yi. A waya kafin ka samu ƙ sai ka danne k ka ɗan jira, ko ka sauya zuwa madannan Hausa. Wannan ɗan jiran shi muke ƙyashi. Masu karatu suna jiran sabon babi, wasu har suna turo saƙon "yau ba posting ne?", sai mu zuba rubutu ba ƙugiya, mu ce ai za a gane. Wasu su sa alamar ɗauri a gaba, wasu a baya, wasu su bar shi haka nan. Galibi kuwa ana ganewa, kamar yadda kashi 97 take da kyan gani. Sai dai babu shafin da zai mayar mana da harafin ja, babu mai cire mana 7 a minti. Mai karatu ne yake biya, shi zai tsaya ya koma baya ya auna ko ƙasa ce ko kasa. Yaron da yake koyon karatun Hausa a labaranmu kuma ya tashi yana zaton haka ake rubutawa.

Abin kunyar shi ne waɗanda suka riga mu sun sha wahalar da ta fi tamu a kan haruffan nan. Tun shekarun 1930 ɓ da ɗ da ƙ suka zauna a rubutun boko, da su aka san Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Baba ya ce tafiretar ofis ba ta da su, in ya buga takardar Hausa sai ya zare ta ya bi da biro yana lanƙwasa kowace ɗaya da hannu. Da kwamfuta ta shigo a shekarun 1990 ita ma ba ta zo da su ba, sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ƙugiya, irin su Rabi'at, waɗanda masu buga littattafan Hausa suka daɗe suna amfani da su. Yau Gboard yana da Hausa kyauta, Windows ma yana da tsarin madannan Hausa. Har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y tana nan. An kawo mana har gida, saura danna kawai.

Aikin dai ya wuce mu. 'Yar'uwarmu ta yi wata shidanta lafiya, har ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, kuma ba ta taɓa rama tsokanar da muka yi mata ba, wanda hakan ya fi ramawar ciwo. Mu kuma muka koma wurin Baba. Ya ce mu ajiye yatsun hagu a kan A S D F, na dama a kan J K L da maƙwabcinsu, mu laluba 'yan ƙurajen da ke kan F da J, don saboda makantar da ido aka yi su. Ya hana mu duba agogo har mako biyu. Ya ce kada mu ƙara gudu sai daidaito ya kai kashi 98 sau uku a jere. Makon farko saurinmu ya faɗo zuwa ashirin da wani abu, har muka fara tunanin tsohon nan ya mayar da mu baya. A mako na shida mai wannan rubutu ya ga 44 tatacce, a kwamfutar hawainiya da muke aro da yamma. Har yau ba a sake turo irin waccan sanarwar ba, amma in ta zo za ta same mu a shirye in sha Allahu.

Ga abin da muke roƙon 'yan wannan zaure su gwada kafin mako mai zuwa. Ka ɗauki shafi ɗaya na labarinka, ka saita agogo minti 5, ka sake buga shi. Ka ƙirga bugun, ka raba da 5, ka sake rabawa da 5. Sannan ka bi layi-layi, duk ƙugiyar da ka yar, duk "a kan" da ka haɗe inda ya kamata a raba, duk "su na" da ka raba inda ya kamata a haɗe, ka lissafa shi kuskure ɗaya. Ka raba da 5 ka cire. Mu da muka fara gwadawa da Hausa, 48 ta koma 40, kuma duk takwas ɗin nan da suka zube ƙugiyoyi ne da rabon kalma. Wanda ya gwada ya faɗa mana nasa, ba don a yi masa dariya ba, ai mun riga kowa faɗin namu.

Wannan rubutun ma sau biyu muka bi shi kafin mu saka, muka kai wa Baba ya bi na uku, ya kuma samo guda huɗu. In kun ga na biyar ku nuna mana. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya buɗa wa duk mai nema, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.